Yadda A Ke Shata Da'ira A Gonar Kwamfuta Don Tsare Shuka Daga Hankaki

Akwai wani wasan kwamfuta mai suna Stardew Valley, wanda labarinsa shi ne na wani ma'aikacin ofis da zaman birni ya ishe shi, ya ajiye aiki ya koma ƙauye, ya kama noman wata tsohuwar gona da kakansa ya bar masa gado. Duk wanda ya baro gida ya zo Kudu neman abinci, ba sai an yi masa dogon bayani a kan irin wannan buri ba. Wani saurayi Ba'amurke mai suna Eric Barone shi ne ya shirya wasan shi kaɗai, da zanensa da kiɗansa da labarinsa, cikin shekara huɗu da rabi, yana yi yana aikin nuna wa 'yan kallo kujeru a wani gidan wasan kwaikwayo a birnin Siyatil don ya sami na cefane. An fito da wasan ran 26 ga watan Fabrairu, 2016, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuwa an sayar da fiye da kwafi miliyan 41.

A cikin wannan wasa akwai wata 'yar matsala da ta ke jawo wa masu yinsa asara, kuma hanyar da a ke bi a magance ta takan koya wa yaro mai sha'awar kwamfuta abubuwa da dama waɗanda za su amfane shi ko bayan ya daina wasan. Matsalar ita ce hankaki, maganin kuwa shi ne koya wa kwamfuta ta zana da'ira daidai inda ya kamata.

BARNAR HANKAKI

An rarraba gonar wasan ne gida-gida kamar gurabun dara, ko wane gurbi shuka ɗaya ya ke ɗauka. Shekarar wasan kashi huɗu ce, ko wane kashi kwana 28 ne. Irin kabewa guda ɗaya 100 a ke sayar da shi da kuɗin wasan a kantin garin, kuma sai ta kwana 13 kafin ta nuna. Masara kuwa 150 ce, tana kwana 14. Da zarar shukar da ke gona ta kai 16, to hankaki na iya sauka da asuba. Ko wace shuka 16 na iya jawo hankaka ɗaya, har zuwa guda 4 a rana. Abin da hankaka ya ci ya tafi ke nan, da kuɗin iri da wahalar ban-ruwa. Idan kuma an wuce kwana na 15 na kaka, ba sauran damar sake shuka kabewa, domin sanyi zai shigo ya kashe ta kafin ta nuna.

Maganin da wasan ya tanada shi ne mutum-mutumi, wanda a ke haɗawa da itace 50 da kwal 1 da ciyawa 20. Ko wane mutum-mutumi yana tsare gurbi 248 da ke kewaye da shi. Amma fa a kwamfuta wasan ba ya shata wa manomi iyakar wannan tsaro a ƙasa. Sai mutum ya yi ta ƙidaya gurabe da ido, ya ɓata, ya sake, ran nan ya wayi gari ya tarar da hankaka a gefen gona yana cin kabewar da ya ɗauka tana cikin tsaro. Haka kuma na'urorin yayyafa ruwa su ke: ƙaramar tana shayar da gurbi 4, ta tsakiya 8, babbar 24, amma sai gari ya waye sa'an nan a ga inda ruwa ya kai da inda bai kai ba.

MASU KWASKWARIMA

Tun da daɗewa masu wasannin kwamfuta ba su zama su jira kamfani ya gyara musu abin da ya dame su. Sukan rubuta ƙananan manhajoji su liƙa wa wasan, su ƙara masa wani abu ko su sāke wani. Wannan kwaskwarima ita ce su ke kira mod. Kada mai karatu ya raina ta. Wasan Counter-Strike da ya yi suna a duniya, kwaskwarima ce da wasu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life a shekarar 1999, har kamfanin Valve ya saye ta ya kuma ɗauke su aiki.

A Stardew Valley akwai wata manhaja ta kyauta mai suna SMAPI, wadda ita ce dillali tsakanin wasan da kwaskwarimar da a ke yi masa. Ita ke tā da wasan, ta loda ko wace kwaskwarima, ta riƙa sanar da su abin da ke gudana, idan kuma wata ta yi kuskure ta tare shi don kada wasan ya faɗi gaba ɗaya. Mai kula da ita shi ne Jesse Plamondon-Willard, wanda aka fi sani da Pathoschild, wanda daga baya ya yi aiki tare da Barone a kan wasan kansa. Shi ne kuma ya rubuta wata kwaskwarima mai suna Data Layers, wadda ke rina ƙasar gona da launi don a ga iyakar mutum-mutumi da na'urar ruwa da amyar zuma. Wanda bukatarsa ita ce ya tsare kabewarsa kawai, wannan ta ishe shi. Sauran bayanin na wanda ya ke so ya san yadda a ke yin irinta da hannunsa ne.

ƊIGO ƊAYA TAK

An gina wasan da harshen kwamfuta mai suna C#, a kan wani tubali na kamfanin Microsoft mai suna XNA. Da kamfanin ya daina kula da wannan tubali, sai masu sa kai suka ci gaba da wani makamancinsa mai suna MonoGame, kuma a ƙarshen shekarar 2021 aka mayar da wasan kansa. Sashen da ke yin zane a wannan tubali sunansa SpriteBatch, aikinsa kuwa guda ɗaya ne: a miƙa masa hoto, ya manna shi a allo. Yana iya ja da hoton ya yi tsawo, yana iya juya shi, yana iya rina shi. Amma ba shi da umarnin da za a ce masa ja layi daga nan zuwa can, balle a ce masa zana da'ira.

Dabarar da masu sana'ar suka ɓullo da ita mai sauƙi ce. Sai a yi wani ɗan hoto fari wanda girmansa ɗigo ɗaya ne tak na allo. In ana son murabba'i, sai a ja ɗigon nan ta tsawo da ta fāɗi. In ana son layi, sai a auna nisan da ke tsakanin wurare biyu, a ja ɗigon ya kai wannan tsawo, a ba shi kaurin da a ke so, sa'an nan a juya shi ya fuskanci inda za shi. Da'ira kuwa, kwamfuta ba ta san turke da igiya irin na magini mai shata ɗakin zagaye ba. Sai dai a jera gajerun layuka miƙaƙƙu, ko wane ya ɗan karkata daga na bayansa, har su zagayo su haɗu. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, masanin lissafin nan na Girka, Arkimidis, da siffa mai gefe 96 ya auna kewayen da'ira.

Ko wane mai kwaskwarima yana iya zama ya rubuta wannan lissafi da kansa. Amma tun da wasu sun riga sun rubuta, sun gwada, sun gyara kurakuransa, sun kuma tara shi wuri ɗaya, sai a ɗauko nasu. Irin wannan tarin umarni da a ke ara shi a ke kira laburare, ko da ya ke ba littafi ko ɗaya a ciki. Ya fi kama da akwatin kayan aikin kafinta da a ke ba da aronsa kyauta. Wanda aka fi sani a wannan fanni shi ne MonoGame.Extended, wanda Dylan Wilson ya fara, wasu kuma suka ci gaba da shi. A cikinsa akwai DrawLine na jan layi, da DrawRectangle na shata murabba'i, da FillRectangle na cike shi da launi, da DrawCircle na da'ira, da DrawPolygon na siffa mai gefe da yawa.

YADDA A KE GIRKAWA

Da farko dai sai a san cewa wannan aiki na kwamfuta ne, ko mai Windows ko Linux ko ta Apple. Akwatunan wasa irin su PlayStation da Xbox da Switch ba su karɓar kwaskwarima, haka ma wayar iPhone.

Mataki na farko shi ne girka SMAPI. A kan sauko da ita daga shafinta na smapi.io, ta zo a ƙunshe cikin fayil ɗin zip. Sai a kwance ƙunshin tukuna, domin da yawa a nan su ke tuntuɓe, su nemi tā da ita tun tana ƙunshe. A ciki akwai fayil na ko wace irin kwamfuta, sai a taɓa wanda ya dace. Idan ta gama za ta buɗe wata jaka mai suna Mods a cikin jakar wasan, inda ko wace kwaskwarima za ta zauna a tata jakar. Wanda ya sayi wasan ta Steam za ta nuna masa wani layin rubutu da zai kwafa ya sa a wurin zaɓin tā da wasa, don Steam ɗin ya riƙa bi ta kanta. Tana kuma zuwa da wata 'yar kwaskwarima da ke ajiye kwafin gonar mutum sau ɗaya a rana, ta riƙe guda 10 na baya-bayan nan. Kada a cire wannan.

Mataki na biyu shi ne buɗe wurin aiki. Ana bukatar manhajar rubuta umarni, kamar Visual Studio Community wadda ɗalibi ke samu kyauta. Sai a buɗe sabon aiki irin wanda ke haifar da fayil ɗin DLL, a ɗora shi a kan .NET 6, domin a kansa fitowar wasan ta 1.6 ta watan Maris 2024 ta ke tafiya. Daga nan sai a shiga NuGet, watau rumbun da masu rubutu da C# ke ɗebo laburare, a ɗauko ƙunshi biyu. Na ɗaya shi ne Pathoschild.Stardew.ModBuildConfig, wanda ke nemo inda wasan ya ke a kwamfuta, ya haɗa aikin da shi, kuma duk sa'ad da aka gina aikin ya kai shi jakar Mods da kansa. Na biyu shi ne MonoGame.Extended ɗin.

A nan akwai ramuka biyu. Na farko, ba lalle ne fitowar laburaren ta baya-bayan nan ta dace da wasan ba. Laburaren yana tafiya ne da sabon MonoGame, wasan kuwa yana nan a kan nasa wanda ya ɗan tsufa. Sai a duba a zaɓi fitowar da ta yarda da .NET 6 da kuma MonoGame ɗin da ke cikin wasan. In aka ɗauko wadda ta yi masa gaba, ko dai ginin ya ƙi, ko kuwa ya ginu amma SMAPI ta ƙi loda shi. Rami na biyu, laburaren ba ya bin kwaskwarima zuwa jakar Mods sai an ce ya bi. A cikin fayil ɗin aikin a kan ƙara wani layi mai suna BundleExtraAssemblies a ba shi kalmar ThirdParty. Wanda ya manta da wannan, ya aika wa abokinsa kwaskwarima ba tare da fayil ɗin laburaren ba, kamar ya aika masa da fitila ba lagwani ne.

Mataki na uku shi ne takardar shaida, wani ɗan fayil mai suna manifest.json. A cikinsa a ke rubuta sunan kwaskwarimar, da sunan mai ita, da lambar fitowarta, da wani suna na musamman da ba wanda ke da irinsa, da sunan fayil ɗin DLL da za a loda. In babu wannan takarda SMAPI ba ta loda kwaskwarimar.

LOKACIN ZANE DA WURINSA

Wasan yana share allo ya sake zana kome sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Saboda haka ba a zana da'ira sau ɗaya a ce ta zauna. Dole a sake zana ta a ko wane zagaye. SMAPI tana sanar da kwaskwarima matakan wannan zagaye, wanda ya dace da wannan aiki kuwa shi ne RenderedWorld, watau sa'ad da aka gama zana ƙasa da shuke-shuke da mutane amma ba a kai ga agogo da akwatin kaya da ke gefen allo ba. A wannan lokaci ta ke miƙo SpriteBatch ɗin wasan a yi zane da shi. Idan aka yi zanen a matakin agogo da akwatin kaya, ma'aunin wurin dabam ne, sai da'irar ta kauce duk lokacin da mai wasa ya ƙara girman hoto ko ya rage. Ya kamata kuma a fara tambayar Context.IsWorldReady, don kada a nemi gona tun mai wasa bai buɗe ta ba.

Sai maganar wuri. Ko wane gurbi ɗigo 64 ne tsawo da fāɗi. Ƙidaya tana farawa ne daga sifiri a kusurwar sama ta hagu, tana ƙaruwa zuwa dama da kuma zuwa ƙasa. Alal misali, in mutum-mutumi yana gurbi mai lamba 40 ta fāɗi da 20 ta tsawo, sai a ninka ko wace lamba da 64, a sami 2,560 da 1,280. Amma wannan kusurwar gurbin ce. Sai an ƙara rabin gurbi, watau 32, sa'an nan a sami tsakiyarsa: 2,592 da 1,312.

Har yanzu da saura, domin gona ta fi allo girma, abin da a ke gani wani yanki ne kawai kamar mai leƙe ta taga, tagar kuma tana bin mai wasa duk inda ya nufa. In kusurwar tagar tana kan 2,000 da 1,000, to a allo za a yi zanen ne a kan 592 da 312. Wasan yana da umarnin da ke yin wannan ɗebewa, sunansa Game1.GlobalToLocal. Alamar wanda ya manta da shi ba ta ɓuya: da'irarsa za ta manne a allo tana bin manomi, maimakon ta tsaya a kan mutum-mutumi.

Da an sami tsakiya, sai a kira DrawCircle a ba shi abubuwa biyar: tsakiyar, da nisan baki daga tsakiya, da yawan gefe, da launi, da kaurin layi. In ana so a riƙa ganin shuka ta cikin launin, sai a ninka launin da adadi kamar 0.3, ya zama shara-shara.

INDA ZANE KAN YI ƘARYA

Laburare zai zana duk abin da aka ce ya zana, ko daidai ne ko ba daidai ba. Mai wasa kuwa da ya ga layi a ƙasa zai amince da shi, ya dasa shukarsa a kai. Saboda haka zanen da ya kauce ya fi rashin zane illa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da kowa ke faɗa shi ne mutum-mutumi yana tsare gurbi 8 ta ko wace fuska. Wanda ya ɗauki wannan magana ya shata murabba'i mai gurbi 17 tsawo 17 fāɗi, ya rufe gurbi 289 ke nan. Amma tsaron gaskiya 248 ne, da gurbin da mutum-mutumin ke tsaye 249. Watau akwai gurbi 40, goma a ko wace kusurwa, waɗanda zanen zai ce suna cikin tsaro alhali hankaka na da ikon sauka a kansu.

Wanda kuma ya zana da'ira mai nisan gurbi 8, ya yi kuskure ta ɗaya ɓangaren. Ƙa'idar da ke cikin wasan ita ce a auna nisa kai tsaye daga mutum-mutumi zuwa shuka, in bai kai gurbi 9 ba, shukar ta tsira. A ɗauki gurbin da ke nesa da 8 ta gabas da 4 ta kudu. Ta lissafin Faisagoras, 64 da 16 sun ba da 80, tushen 80 kuwa 8.94 ne. Bai kai 9 ba, don haka yana cikin tsaro, amma da'irar 8 za ta bar shi waje, manomi ya yi ta ɓarnar itace yana kafa mutum-mutumin da ba a bukata. Da'irar da ta dace ita ce mai nisan gurbi 9, watau ɗigo 576, tare da sanin cewa gurbin da tsakiyarsa ta faɗa ciki shi ne ya tsira, wanda kuma tsakiyarsa ta hau kan layi daidai bai tsira ba.

Yawan gefe ma yana da nasa. Tun da layuka miƙaƙƙu ne a ke jerawa, tsakiyar ko wane layi takan ɗan shigo ciki. In aka ba da gefe 8, shigowar takan kai ɗigo 44, fiye da kashi biyu cikin uku na gurbi. Da gefe 16 takan zama ɗigo 11, da 32 ba ta kai 3 ba, da 64 kuwa ba ta kai ɗigo ɗaya ba. Shi kuwa gurbin nan na 8 da 4, tsakiyarsa ba ta kai ɗigo 4 daga bakin da'ira ba. Ashe ke nan duk abin da ya gaza gefe 32 yana iya nuna shi a waje.

Saboda wannan ne ya fi kyau a haɗa biyu: a bi gurabe ɗaya bayan ɗaya a gwada ko wane da ƙa'idar wasan, wanda ya tsira a cike shi da kore ta FillRectangle, da'irar kuma ta zama ado a kai. Kada kuma a rubuta lambar 9 da hannu. Wasan yana da umarnin IsScarecrow da GetRadiusForScarecrow, waɗanda ke faɗin ko abu mutum-mutumi ne da kuma iyakarsa. Akwai wani babban mutum-mutumi mai tsare gurbi 888, wanda ya rubuta 9 da hannu zai zana masa iyakar ƙarami.

TAUSAYA WA TSOHUWAR KWAMFUTA

Ba kowa ke da sabuwar na'ura ba. Wanda ya sayi kwamfutar hannu ta gwanjo a kasuwar Ikeja zai fi kowa jin nauyin kwaskwarimar da aka rubuta da ganganci. A ce gona tana da mutum-mutumi 20. In aka cike gurbi 248 na ko wane, murabba'i 4,960 ke nan a zagaye ɗaya, a daƙiƙa ɗaya kuwa 297,600, ban da lissafin nisa da a ke maimaitawa. Alhali allo mai ɗigo 1,366 da 768, in ba a rage girman hoto ba, abin da ya ke nunawa bai kai gurbi 300 ba.

Gyaran abu uku ne. A yi lissafin gurabe sau ɗaya a ajiye, kada a sake sai SMAPI ta sanar ta ObjectListChanged cewa an kafa wani abu ko an cire, ko kuwa mai wasa ya sāke wuri. Gurbin da mutum-mutumi biyu suka haɗu a kansa a rubuta shi sau ɗaya, domin in aka rina shi sau biyu launin zai yi duhu ya rufe shuka. Sa'an nan a zana abin da ke cikin taga kaɗai. Yana da kyau kuma a ware wani maɓalli na kunnawa da kashewa, don mutum ya ga gonarsa ba fenti in ya gama auna ta.

HATTARA

Kwaskwarima manhaja ce mai cikakken iko a kwamfuta, abin da duk mai na'ura zai iya taɓawa ita ma tana iya taɓawa. A watan Yuni na shekarar 2023 an gano wata muguwar manhaja da aka sa wa suna fractureiser, wadda aka cusa cikin kwaskwarimar wasan Minecraft a shafin CurseForge, tana satar kalmomin sirri na mutane. In har haka ta faru a sanannen shafi, to fayil ɗin da wani ya turo ta waya ba a san asalinsa ba fa? Iyayen da yaransu ke wasa da kwamfutar da a ke harkar banki ko lissafin kasuwa da ita, ya kamata su san abin da a ke saukowa da shi. Laburare daga NuGet a ke ɗaukarsa, a kuma duba sunan harafi bayan harafi. Kwaskwarima kuwa daga inda mai ita ya sa ta da kansa, kamar Nexus Mods, wanda Robin Scott ya kafa a Ingila a shekarar 2001.

Sai haƙƙin masu laburare. MonoGame.Extended yana ƙarƙashin lasisin MIT ne, wanda ya yarda kowa ya yi amfani da shi kyauta, har ya sayar da abin da ya gina da shi, bisa sharaɗin ya haɗa da takardar lasisin da sunan masu shi. Sharaɗi ne ƙarami, cika shi kuma amana ce.

Akwai kuma rigimar da kan tashi in kwaskwarima biyu suka zo da laburare ɗaya amma fitowa dabam-dabam, domin wadda aka fara lodawa ita ke zama, ɗayar ta tarar da abin da ba shi ta zata ba. Don gudun haka, wanda layi da murabba'i kawai ya ke bukata yana iya haƙura da laburare. Wasan kansa yana da farin ɗigon nan a ajiye, sunansa Game1.staminaRect, da shi da 'yan layukan umarni sun isa. Laburare yana biyan wahalar ɗaukarsa ne in siffofin sun yi yawa.

In abu ya ƙi, a duba baƙar tagar rubutu da SMAPI ke buɗewa tare da wasan. Jan rubutu shi ke faɗin kwaskwarimar da aka tsallake da dalilin tsallake ta. Wanda bai gane ba yana iya sa rahoton a smapi.io/log, ya aika wa waɗanda suka fi shi sani.

Gwajin ƙarshe ba ya bukatar gwani. A buɗe sabuwar gona dabam da wadda aka daɗe ana wahala a kai, a kafa mutum-mutumi ɗaya a fili, a sa kwaskwarimar ta ƙidaya gurabun da ta rina ta rubuta adadin a baƙar taga. In ta ce 248 ban da gurbin tsakiya, lissafi ya yi. Sa'an nan a yi tafiya gabas da yamma, a ƙara girman hoto a rage, a ga ko zanen ya tsaya inda ya ke. In ya tsaya, to sai a kai shi gonar kabewa.